Karena yana faɗuwa yana jijjiga, mutanen gari sunce hauka ne a kashe shi

Baban Walida:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani ku taimaka min da shawara, wallahi tun jiya abin nan ya tsaya min a rai ko barcin kirki ban yi ba. Ni ina wani ƙauye ne a ƙasar Taura nan Jigawa, ina da kare sunanshi Duna, watanshi 14 yanzu, tun yana ɗan kwikwiyo na karɓo shi wajen wani abokina bafulatani da muke haɗuwa a kasuwar Gujungu. Shi ke min gadin awaki da rumbu, kuma tunda ya tasa ko kaza ba a sake ɗauke min ba. Cinshi lafiya, sauran tuwo da ƙanzo, in an yi yanka a jefa masa ƙashi.

To sati uku da suka wuce da asuba na fito zan yi alwala sai naji kwaramniya a gindin rumbu, na haska tocila sai ganshi kwance ta gefe ɗaya ƙafafu sun sandare wuya ya lanƙwashe baya, can kuma sai ya fara shure-shure kamar mai gudu a kwance, haƙora na haɗuwa kaf kaf kaf, kumfa na fita a baki, har fitsari ya saki. Ina kiran sunanshi ko kunne bai motsa ba, ido a buɗe amma ba ni yake gani ba. Abin bai fi minti biyu ba a ganina. Da ya lafa sai ya miƙe yana tangaɗi, ya je ya yi karo da danga ya dawo ya yi karo da turmi, kamar wanda ya makance, kafin rana ta fito ya dawo hayyacinshi ya zo yana kaɗa min bindi ya shanye ruwan kasko tas ya cinye abin da na bashi. Nace ƙila wani abu ya ci a daji, na bar maganar ban gaya wa kowa ba sai maiɗakina.

Jiya bayan la'asar ya sake, wannan karon a ƙofar gida gaban yara. Kan kace me mutane sun taru, wani na cewa mahaukaci ne a kashe shi kafin ya ciji wani, har an ɗauko gora, wata tsohuwa tace iska ce ta buge shi, wani yace farfaɗiya ce kuma duk wanda yawun ya taɓa ya ɗauka. Walida 'yata mai shekara shida ita ke bashi abinci kullum, ta rirriƙe ni tana kuka. Da ƙyar na roƙi mai unguwa yace to in ɗaure shi a bayan gida amma in ya sake yi ba ruwanshi. Yanzu haka yana turke, lafiyarshi ƙalau kamar ba shi ba, ya ci ya sha.

Tambayata, wai kare ma yana farfaɗiya? Ko haukan ne yake farawa a haka? Yarana za su iya ɗauka? Kuma akwai magani ko haƙuri zan yi? Gaskiya ban taɓa yi masa allurar rigakafi ba ko ɗaya, gara in faɗa tun yanzu.

Sarkin Baka na Jahun:

Wa alaikumus salam Baban Walida. Ni ba likita bane amma shekara ta fi talatin ina farauta da karnuka, na ga mahaukacin kare da idona ba sau ɗaya ba. Mahaukacin kare ba ya tashi ya kaɗa maka bindi ya ci tuwo ya kwana ya wayi gari lafiya har sati uku. In ya fara to ya fara kenan, kullum gaba abin ke yi, haushinshi ma canzawa yake ya zama wani irin kuka a shaƙe, ya dinga cizon icce da dutse da duk abin da ya gani, ko kuma muƙamuƙi ya saki baki a buɗe dalala na zuba ya kasa haɗiyar komai, 'yan kwanaki ya mutu. Naka bai yi kama da wannan ba.

Abin da na fi zargi guba ce. Ka duba ko akwai mai zuba maganin ɓera a rumbu kusa da kai, ko mai feshin wake da ya wanke tankinshi a inda karen ke shan ruwa. Na taɓa rasa wata karya mai kyau a haka, ɓeran da ya ci magani ta cinye. Mu dai in mun ga haka manja muke ɗura masa ko madara.

Ummu Hanifa:

Malam kayi haƙuri da abin da zan faɗa, ni uwa ce kuma ta yaran nake. A garinmu wajen Gezawa ɗan ƙanwar mijina kare ya yakushe shi a ƙafa, ɗan ciwo ne ƙarami aka shafa masa magani aka manta, bayan wajen wata biyu yaron ya fara firgita, in aka kawo masa ruwa sai ya ƙanƙame maƙogwaro yana ihu, aka kai asibiti suka ce lokaci ya ƙure. Na ga wannan da idona har yau in na tuna jikina rawa yake. Kai kace baka taɓa masa allura ba. Ban ce ka kashe shi ba don dabba ce mai rai kuma tana da haƙƙi a kanka, amma dan girman Allah ka hana Walida zuwa wajenshi har wani masani ya duba shi, kuma ka tambayi yaran a hankali ba da faɗa ba ko akwai wanda ya taɓa yakusa ko ya lasar wa ciwo, don yara ɓoyewa suke saboda tsoron duka.

Likitan Dabbobi Kano:

Salam Baban Walida, sannu da ƙoƙari, kuma ka kyauta da baka bari an kashe shi a cikin ruɗani ba. Ba zan iya yanke maka hukunci daga nesa ba sai an ga karen, amma bari in warware maka abin da zan iya.

Eh kare yana farfaɗiya sosai ma, cikin cututtukan ƙwaƙwalwa masu daɗewa ita muka fi gani a karnuka. Abin da ke faruwa shine jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna aiki ne da ɗan lantarki, to wani lokacin sai su harba gaba ɗaya a lokaci guda ba tsari, jiki ya sandare ya kama jijjiga, in guguwar ta wuce ƙwaƙwalwa ta gaji, shi yasa ka ganshi yana karo da danga yana tangaɗi sannan ga yunwa ga ƙishirwa. Wannan gigicewar tana ɗaukar mintuna zuwa awanni. Irin wadda ba a samun wani ciwo a bayanta, wadda sau da yawa gado ce, tana farawa ne tsakanin wata 6 zuwa shekara 6, kuma alamarta babba ita ce tsakanin faɗuwa da faɗuwa kare lafiya lau yake. An fi ganinta lokacin da yake hutawa ko barci, kamar asubar nan da ka faɗa. Duna wata 14, don haka labarinka ya zauna daidai a wannan wajen. Ba a ɗaukarta, ba ta yawu ba, ba ta taɓawa ba, ba ta tsallake fitsari ba, a kare haka a mutum ma haka.

Maganar hauka kuwa, Baba Sarkin Baka ya faɗi gaskiya kuma Hajiya Ummu Hanifa ma ta faɗi gaskiya. Karen da alamun hauka suka bayyana a jikinshi yawanci ba ya wuce kwana 10 a raye, kuma ba ya warkewa a tsakani. Tunda na farko ya yi sati uku kuma ya ci gaba da harkarshi, wancan ba hauka bane. Amma kare da ba rigakafi yana yawo cikin gari da daji ko yaushe zai iya gamuwa da ita, saboda haka ka barshi a ɗaure kana lura da shi kwana 10 daga jiya, a inuwa, da ruwa a gabanshi, babba ne kawai zai kai masa abinci. In akwai wanda ya ciza ko ya yakusa a wanke wajen da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 a tafi asibiti ranar, kar a jira. Ciwon haukan kare in alamunshi suka fito a mutum kusan ba mai tashi, amma allurar da ake yi bayan cizo kafin alamu tana karewa. Ta karnuka kuma ana fara ta daga wata 3 a dinga maimaitawa duk shekara, cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato ma tana yinta, ka tambaya a ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarku, wani lokacin wajen 28 ga Satumba ranar yaƙi da cutar ta duniya ana yi kyauta a wasu wurare.

Yanzu kafin mu ce farfaɗiya ce zalla akwai abubuwan da sai an kore su, kuma a ƙauyukanmu su suka fi yawa. Na farko wata cuta da muke kira distemfa, ƙwayar bairos ce, tana kama ƙananan karnuka da ba a yi wa rigakafi ba. Tana farawa da zazzaɓi, kwantsa mai kauri a ido, majina, tari, gudawa da amai, sai kaga kamar ya warke, bayan 'yan makonni ko ma watanni ta hau ƙwaƙwalwa. Sai kaga baki na motsi kamar mai tauna cingam, ko wata tsoka ɗaya a ƙafa ko a kai tana zabura tana zabura ko barci yake ba ta dainawa, tafin ƙafa da hanci su yi kauri su bushe. Ita ba ta kama mutum amma tana kama sauran karnuka. Ka tuna da kyau ko Duna ya yi irin wannan rashin lafiyar a baya, kuma ka ɗaga ƙafarshi ka taɓa tafin.

Sai guba. Fiya-fiya da magungunan feshin gona irin wannan jinsin suna sa dalala mai yawa, hawaye, zawo, fitsari, tsoka na rawa ko'ina, baƙin ido ya tsuke ya zama ɗan ɗigo, kuma ba sa tsayawa bayan minti biyu kare ya tashi ya ci abinci, abin ci gaba yake sai an yi masa allurar atrofin, wato makarin irin wannan gubar. Maganin kaskar shanu in aka wanke kare da shi da kauri shi ma yana kayar da shi. Baba Sarkin Baka ka gafarce ni, manja da madarar nan a daina, dabbar da ke jijjiga ba ta iya haɗiya sai ya wuce huhu ya zama wani ciwon, kuma wasu gubobin maiƙo yana ƙara musu saurin shiga jiki. Akwai kuma faɗuwar sukari a jini, ta fi samun ƙananan kwikwiyo masu tsutsar ciki da ba sa ƙoshi, da matsalar hanta wadda za ka ga abin ya fi tashi bayan ya ci abinci musamman nama. Gwajin jini ne ke raba waɗannan.

In ya sake yi, kar ka sa hannu ko cokali ko icce a bakinshi, ba ya haɗiye harshe, kai ne za ka sha cizo ba da saninshi ba kuma daga nan magana ta canza a gari. Kar a danne shi kar a watsa masa ruwa a fuska. Ka janye abin da zai buge, in kusa da murhu ko rijiya yake ka ja shi ta ƙafar baya, a kori yara a rage hayaniya. Ka duba agogo, wannan yana da muhimmanci don a ido minti ɗaya kamar goma yake. Ka ɗauki bidiyo da waya, wallahi bidiyon minti ɗaya ya fi mana bayanin awa guda. In ya wuce minti 5 bai tsaya ba, ko ya yi sau biyu ko fiye cikin awa 24, to gaggawa ce, jiki zafi yake ɗauka ƙwaƙwalwa na iya lalacewa, ka jiƙa masa tafin ƙafa da ciki da ruwa mai ɗan sanyi ka nemi likita ko da dare ne. Da ya farfaɗo ma a bashi fili, a gigice yake zai iya kai cizo ga wanda ya sani.

Magani akwai, amma ragewa yake ba warkarwa ba. Ƙa'idar da muke bi in kare ya faɗi sau biyu ko fiye cikin wata 6 ana fara magani, naka ya yi biyu cikin sati uku. Wanda aka fi samu anan shine fenobabiton, safe da yamma awa 12 tsakani, gwargwadon nauyin kare, yana ɗaukar wajen sati biyu kafin ya zauna a jini, da farko za ka ga barci da tangaɗi da yawan ci da sha, yawanci barcin da tangaɗin suna raguwa. Ana duba hanta lokaci lokaci. Da gangan ban rubuta adadi ba, dan Allah kar ka je kemis ka siyo da kanka.

Baban Walida:

Likita Allah ya saka da alheri ya ƙara sani, wallahi sai yanzu naji numfashina ya sauka. Hajiya na gode, na zaunar da yaran ɗaya bayan ɗaya na duba hannuwansu da ƙafafu, ba wanda ya ciza, Walida ce tace yana lasar mata hannu in ta kai abinci amma ba ta da ciwo a hannun, na hana ta zuwa tana ta fushi da ni.

Na je na ɗaga ƙafarshi yanzu, tafin da taushi kamar yadda na sanshi, hanci a jiƙe, ba inda ke zabura. Bai taɓa yin majina ko kwantsa ba a sanina, zawo dai ya taɓa yi yana ƙarami kwana biyu ya wuce. Amma ga wani abu da ban kawo a raina ba sai da ka faɗa, da damina kaska ta dame shi a kunne na ɗibi maganin da nake wanke awaki da shi na wanke shi, to amma wannan ya fi wata biyu kafin faɗuwar farko, zai iya zama shi? Maganin ɓera ni bana sawa saboda kaji, maƙwabcina zan tambaya. Sannan na aika wa abokina bafulatanin saƙo ko uwar Duna ko 'yan'uwanshi akwai mai irin wannan.

Ɗan Birnin Kudu:

Ɗan'uwa bari in baka nawa labarin don kar ka yi kuskuren da na yi. Karyata ta fara tana shekara biyu, aka ɗora ta kan wannan maganin da likita ya faɗa, wata huɗu cur ba ta faɗi ba, ni kuma lokacin kuɗin taki ya taso ga maganin ya ƙare ga nisa, nace ai ta warke na bari. Kwana uku da dainawa cikin dare ta fara, ta tsaya ta sake ta tsaya ta sake, na ƙirga har bakwai kafin asuba, jikinta zafi kamar garwashi, ina zaune a ƙasa kusa da ita da bokitin ruwa ban da abin da zan iya. Kafin in samu mashin ta mutu. Daga baya aka ce min ba a yanke shi lokaci ɗaya, jiki ya saba, yankewar ce ke tayar da mafi muni. Saboda haka ka yi lissafi tun yanzu, abu ne na kullum ba fashi ranar kasuwa ba fashi ranar biki, in za ka yi tafiya ka bar wa wanda ka yarda da shi, kuma ka dinga siyo wani tun saura na sati. Ni a cikin ɗan ƙulli-ƙulli da na jiƙa nake cusa mata ƙwayar ta haɗiye ba gardama. Ka samu ɗan littafi kana rubuta ranar da ya faɗi da lokaci da minti nawa, likita da shi zai san ko maganin na aiki.

Likitan Dabbobi Kano:

Allah sarki, sannu Ɗan Birnin Kudu, abin da ka faɗa haka yake, ko ragewa za a yi sai a hankali cikin watanni da sanin likita.

Baban Walida, wankan wata biyu baya da wuya ya zama shine sanadi, irin wannan cikin awanni yake nuna kanshi zuwa kwana ɗaya ko biyu. Amma kar ka ƙara, kuma ka tafi da kwalbar likita ya gani. Allurar aibamektin ta awaki da tiramadol ma kar wani ya baka shawara ka bashi, tiramadol tayar da jijjiga yake. Ka fara da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ya zo gida ya ganshi a turke, zai fi kyau ma a gaban mai unguwa don mutane su ji daga bakin ma'aikaci. In kwana goman sun cika lafiya sai a shirya gwajin jini a Dutse ko nan Kano, in abin ya fi ƙarfi akwai asibitin koyarwa na dabbobi na jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. In kuma ta tabbata farfaɗiya ce kar a bari ya yi barbara, tana bin jini. Turken ma ka duba, igiyar kar ta zama mai zargewa a wuya kuma kar ya zama kusa da abin da zai naɗe in ya faɗi.

Baban Walida:

To likita na canza masa igiya yanzu na matsar da shi gindin darbejiya inda ba komai kusa. Na je wajen mai unguwa bayan isha'i na karanta masa bayaninka daga waya, yace ya yarda a jira kwana goman in dai malamin dabbobi zai zo da kanshi, na samu lambar malamin wajen mai sayar da maganin awaki, malamin yace jibi zai shigo in na sa masa mai a mashin. Abokina ya kira ni ɗazu yace uwar lafiyarta ƙalau amma cikin 'yan'uwan Duna akwai ɗaya da ya taɓa faɗuwa a ruga suka ɗauka maciji ne. Wayata kyamararta ta fashe, ƙanena ya bar min tashi zan kwana da ita a zaure kusa da shi. Abin da ya rage min yanzu yadda zan kai shi gwajin jinin ne, direbobin layinmu ba mai yarda ya ɗauki kare a mota, ko za a iya ɗibar jinin anan gida a tafi da shi a cikin kula mai ƙanƙara?